Kaset ɗin “A Sako Ruwa”

Ku da kuke zaune gaban kwamfuta kuna tura wa mutane waƙa a mimori, ku daina cewa sana'armu ɗaya. Ni Ado Mai Kaset da kunne na ci abinci a garin Kura, ku kuwa da ɗan yatsa kuke ci. Rannan ina ji Shamsu, mai shagon da ke jikin nawa, yana gaya wa abokinsa wai rikodin ɗin da ba wani abu ba ne, ka danna ja ka danna baƙi ka koma ka zauna. Na yi shiru ne don ina azumin Litinin. Yau ba na azumi.

Aikin farko da maigidana Malam Tasi'u ya ba ni a shagonsa na cikin Kano shi ne goge hed. Hed shi ne ɗan ƙarfen nan mai sheƙi a cikin rikoda, wanda zaren kaset yake bi ta kansa sauti ya fito. Ka naɗa auduga a tsinken ashana, ka tsoma a sifirit, ka goga a hankali kamar kana share wa jariri kunne. Na daɗe ina wannan kafin ya bari in taɓa jan maɓalli. In na gama gogewa sai ya sa kaset, ya harɗe hannu, ya ce, “Ado, me ka ji?”

In ce, “Na ji waƙa, Malam.”

Ya ce, “Jakin da ke bakin titi ma ya ji waƙa. Kai me ka ji?”

Haka muka yi ta yi har na kai ina iya cewa robar dek ɗin hagu, wato na'urar da muke kwafar kaset da ita, ta saki, ko wuta ta yi ƙasa shi ya sa mawaƙin ya fara jan murya kamar mai jin barci. Ranar da na fara faɗa daidai bai yaba mini ba, ya dai tura mini sauran shayinsa. Mutum ne mai faɗa, amma ba ya ɓoye sana'a. A wajensa na koyi haɗa zaren da ya tsinke da ɗigon jan farce, da naɗe kaset da biro don kada a ƙarar da batir a banza. Shi ya koya mini cewa uwar kaset, wato wadda ake kwafa daga jikinta, ba a ba da aronta ko da surukinka ne ya zo da kansa. In ka kwafa daga kwafi, wani ya kwafa daga naka, kafin a je ko'ina muryar mawaƙi ta koma ta kwaɗo.

Da na dawo gida na kama haya a bakin titi, ba nisa da tashar mota. Shagon na mai unguwa ne, ku riƙe wannan don za mu dawo kansa. Kayan aikina dek biyu ne masu baki bibbiyu, da batirin mota saboda ɗaukewar wuta, da wata sifika da kafinta ya yi wa akwati ya shafe da shuɗin fenti. Duk kaset ɗin da ya fita daga hannuna sai na ɗiga masa jan farce a gefe, don in an dawo da shi in san nawa ne.

Kasuwarmu ruwan kanal take bi. Da zarar an sako ruwa daga dam an shiga noman rani, gari ya cika da 'yan ƙwadago da dillalan tumatur da direbobi, to ni ma kakata ta zo. Manomi zai rataye rikodarsa a sanda a bakin fangalin gonarsa yana ban ruwa tana yi masa hira, ba ya son ta yi shiru ko kaɗan. Bafulatani zai zo da tasa rikodar a cikin riga mai ado da matarsa ta saƙa mata, ya ce a cika masa kaset kada a bar fili, kuma ba zai tafi ba sai ya tsaya ya ji gaba da baya har ƙarshe. Ba ka isa ka ce masa akwai layi ba. Matan aure kuwa aike suke yi: “Wai in ji Yaya, waƙar nan da aka sa a bikin gidan mai injin shinkafa, wadda take farawa da sarewa.” Babu suna, babu mawaƙi, kuma in ka ba da wata daban gobe a dawo maka da ita da baƙar magana. Duk da haka ba waƙa ce take riƙe shagon ba. Kaset ɗin wa'azi da na karatun Alƙur'ani su ne tuwona na kullum, rani da damina, su dattawa ke saye kuma ba sa neman ragi.

Shekarar da nake so in ba ku labarinta, wayar hannu ba ta daɗe da shigowa ba, sai wane da wane. An rufe kanal don gyara kamar yadda aka saba, amma a wannan karon gyaran ya ƙi ƙarewa. Irin tumatur ya isa dashe ya wuce, ya fara ja yana kwanciya. Masu injin ban ruwa suka riƙa jan ɗan abin da ya kwanta a kududdufai har suka kai ga laka. 'Yan ƙwadagon da suka zo da wuri suka zauna a tasha suna kallon juna. Ni kuwa sai in buɗe shago in rufe ban cire ƙyallen da nake lulluɓe dek ba. Wanda bai san abin da zai kai gida ba, ina ruwansa da kaset?

Ana cikin haka wani direba abokina, Ɗanliti, ya dawo daga Legas. Tumatur yake ɗauka, amma tunda babu sai ya koma kai shanu. Ya shigo yana warin gas, ya ajiye mini wani faifan sidi da ko kwali ba shi da shi, ya ce, “Ado, saka wannan. Wallahi a Legas ba abin da ake ji sai ita, daga gareji har wurin masu sayar da abinci.”

Na saka. Jita ce ta fara, sai wani abin busa mai kaifi, sannan wata mata ta shigo da murya 'yar shaƙaƙƙiya, tana sauri kamar ana binta. A lokacin duk abin da ba Turanci ba ne ba kuma Larabci ba, a wajenmu Indiya ne, don haka na ce Indiya ce. Amma kunnena bai yarda ba, Indiyawa ba haka suke ajiye ganga ba. Na dai kwafe ta a uwar kaset, na buɗe sifikata don in kori zaman shiru.

Akwai wani ɗan ƙwadago da ya wuni a bencina ba ya ce wa kowa komai. Da matar ta kai wurin da take maimaitawa, sai ya miƙe zumbur, ya ce, “Kai! Kun ji abin da take cewa? A sako ruwa! Wallahi cewa take a sako ruwa!”

Muka ce masa yunwa ce ta taɓa masa kunne. Na mayar baya na sake sawa. Sai ga shi raɗau, ba kuskure: a sako ruwa, a sako ruwa. Mai shayi ya bar tukunyarsa ya zo, 'yan acaɓa suka kashe babura. An daɗe ba a yi dariya irin ta ranar a bakin tashar nan ba. Daga nan waƙa ta samu suna, babu wanda ya sake tambayar na ainihi.

Ban taɓa ganin tashe irin nata ba, kuma ban sake gani ba. Mutumin da ya hana kansa rake zai zo ya ce a yi masa “A Sako Ruwa”. Daga Bunkure ake zuwa, daga Kadawa, daga Madobi, har daga Dawakin Kudu wani ya yi tattaki a keke. Yara suna yinta a hanyar makaranta, mata suna daka da ita. Samari su je su zauna a gefen busasshen kanal, su miƙe ƙafa a ciki, su kunna rikoda suna amsawa kamar masu gadin ƙofar ruwan za su ji su ji kunya. Malam Nura, wani malamin sakandare da ba ya rabuwa da rediyo, shi ya gaya mini harshen ƙasar Sifen ne, kuma ba mu kaɗai ba ne, duniya ce gaba ɗaya ta ɗauka, Turawa ma da ba sa jin yaren rawarta suke yi. Na ce, “To Malam, su ma kanal ɗinsu aka rufe?” Ya yi dariya ya ce shi dai sunan harshen ya sani, amma ko “sannu” bai iya da shi ba.

A nan ne za ku gane aikin ba danna ja ba ne. Sautin sidi yana da nauyi, in ka juye shi yadda yake, 'yar rikodar manomi mai rabin batir sai ta riƙa tari. Sai da na zauna na rage gangar, na ɗago muryar, na gwada a rikoda mafi lalacewa da na samu a gari, sannan na yarda da uwar. Masu kawo kwafi daga Kano sun shigo da nasu, amma mutane suka riƙa juya kaset suna neman jan ɗigo. A shekarar da kowa ke kuka, waƙar wata mata da ban san sunanta ba ita ta ciyar da gidana.

Tsallaken titi, a gindin darbejiya, akwai wani tsoho mai gyaran kwandunan tumatur. Baba Fanya ake ce masa. Ba ɗan garin ba ne, ba shi da kowa, a zauren wani bawan Allah yake kwana, kuma babu wanda ya taɓa tambayar inda ya samo wannan suna. Na lura duk lokacin da na sa waƙar sai hannunsa ya tsaya a kan kwando. Wani lokaci ya sunkuyar da kai har ta ƙare, wani lokaci ya tattara kayansa ya bar wurin. Na ɗauka haushi yake ji, don haka in na hango shi sai in rage sauti saboda furfurarsa.

Ruwa dai bai zo ba. Ban san bakin da ya fara faɗa ba, amma sai ga magana tana yawo cewa waƙar ce ta riƙe ruwan. Wai a yarensu addini ake zagi, wai duk wanda ya rera ya yi saɓo bai sani ba, wai ku duba ku gani, tun da aka fara yinta ko ɗigo an sako? Kada ku yi musu dariya. Mutumin da yake kallon irinsa yana mutuwa dole ya nemi wanda zai ɗora wa, kuma ni ne mafi kusa. Dattawan da ke sayen wa'azi a wajena suka fara wucewa ta gaban shago suna kallon wani gefen. Wata safiya na zo na tarar an zare zaren kaset an naɗe mini kwaɗon ƙofa da shi. Na duba ɓawon a ƙasa, da jan ɗigona a jiki.

Mai unguwa ya aiko in je. Na same shi a zaure tare da liman. Ba su ɗaga mini murya ba, da ma sun ɗaga da ya fi mini sauƙi.

Mai unguwa ya ce, “Ado, ba mu ce ka yi da gangan ba. Amma kai da kanka, ka san abin da matar nan take faɗa?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, ban sani ba.”

Liman ya ce, “To ka ga inda matsalar take. Kana zuba wa mutane abu a baki, kai ba ka san mene ne ba, su ba su sani ba. Da hannun da kake miƙa karatun Alƙur'ani kake miƙa shi.”

Mai unguwa ya ce, “Ka nemo wanda zai gaya mana abin da ke ciki, a gaban jama'a, ranar Juma'a bayan an sauko. In ka rasa, ka kwashe kayanka ka kawo mini makullina. Ba zan iya da bakin mutane ba.”

Na fito ina lissafi. Shago ana iya samun wani, amma in aka ce Ado ne ya sayar da saɓo, daga Kura har Bunkure babu mai sake karɓar kaset ɗin wa'azi daga hannuna. Sana'ar ce gaba ɗaya za ta tafi, da sunan da zan bar wa 'ya'yana.

Na shiga Kano da rikoda a hammata. Na zaga Sabon Gari, na samu masu jin Faransanci daga Nijar da Kamaru, kowa ya saurara ya ce ta yi kama amma ba ita ba ce. Wani ya ce in ba shi na goro ya fassara mini, da na sa masa waƙar Indiya don gwaji ita ma ya ce yana ji. Na je wajen Malam Tasi'u, ya saurara har ƙarshe, ya ce, “Uwar ta yi kyau, wa ya ɗago muryar?” Na ce ni ne. Ya ce, “To ni sauti na koya maka ji, ban koya maka yare ba. Allah ya fid da kai.” Yabon da na daɗe ina jira ke nan, ya zo a ranar da ba shi da amfani.

Ranar Alhamis da hantsi na fara jera uwayen kaset a kwali. Sai na ga inuwa a bakin ƙofa. Baba Fanya ne, wanda bai taɓa tsallako titin nan ba.

Ya ce, “Yaro, an ce kana neman mai jin yaren nan.”

Na ce, “Haka ne, Baba. Ko ka san wani?”

Ya ce, “Kai ka taɓa tambayar abin da ya sa ake ce mini Fanya?”

Ya zauna a benci ya gaya mini. Fanya wani tsibiri ne a cikin teku, gaba da Kalaba, inda mutanen Sifen suka yi mulki. Yana saurayi ya bi fatake ya je can, ya yi fawa, yana sayar wa leburorin gonakin koko nama. Ya daɗe har yaren ya zauna masa a baki. Ya ce, “Amma rabona da jin sa tun kafin a haife ka ko kana goye. Kuma yarinyar nan gudu take yi. In za ka iya sa ta ta yi tafiya a hankali, zan gwada.”

Ku da kwamfuta ban san me za ku danna ba. Ni dai na kwance bayan rikoda. A jikin motar da ke juya kaset akwai wani ɗan rami, a cikinsa akwai ɗan kusa da ke saita gudu. Na sa siririn sukundireba ina juyawa kaɗan-kaɗan ina saurare. In ka yi yawa matar ta koma ƙato, in ka yi kaɗan ba ka yi komai ba. Abin da Malam Tasi'u ya koya mini in gane a matsayin lalacewa, shi na zauna ina yi da gangan, har kalmomin suka rabu da juna amma muryar tana nan ta mace. Na ce, “Baba, mu gwada yanzu?” Ya ce a'a, sau ɗaya zai iya, a bari sai goben.

Bayan an sauko daga Juma'a aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan mai unguwa. Jama'a ta taru fiye da yadda na so, har da waɗanda suka naɗe mini kwaɗo, na tabbata. Da suka ga wanda na kawo sai aka fara gunaguni, wani ya ce, “Mai kwando?” Mai unguwa ya ɗaga hannu aka yi shiru. Liman ya yi a'uziyya, ya ce in saka.

Sai in sa kaɗan in tsayar, tsoho ya faɗa. Idonsa a rufe, ya karkato da kunne ɗaya wajen rikodar.

“Ta ce, ka fita da sassafe ba ka tashe ni ba.”

Na sake sawa, na tsayar.

“Ta ce, na zo bakin ruwa na tarar jirgi ya riga ya tashi.”

Na sake.

“Ta ce, yarinyar ta fara tafiya, tana zuwa bakin ƙofa tana leƙe.”

Sai muka iso wurin da kowa ke jira. Matar ta maimaita abinta, a hankali yanzu, na tsayar. Wani daga baya ya ce, “Nan fa, Baba? Wurin a sako ruwa?” Tsoho ya buɗe ido. Ya yi mini alama da hannu in mayar. Na zaro kaset na naɗe da biro, na ga dai makullin shagona a bakin mutumin nan yake. Na sake sawa. Mai unguwa ya gyara zama.

Sannan tsoho ya ce, “Cewa take, ka dawo, ban kulle ƙofa ba.”

Liman ya ce, “Shi ke nan? Babu zagi?”

Tsoho ya ce, “Allah gafarta Malam, babu zagi. Mace ce mijinta ya tafi.”

Liman ya ce, “To, Allah ya dawo mata da shi.”

Jama'a suka amsa da amin kafin su tuna wa ake yi wa addu'ar, sai kuma dariya ta ɓarke. Aka yanke cewa in riƙa kashe sifika lokacin salla, in raba kantar wa'azi da ta waƙa, kuma samari su daina rawa a bakin hanya. Mai unguwa ya ce in riƙe makullina. Na yi godiya, na waiwaya in gode wa tsoho, na hango shi ya riga ya kama hanya.

Washegari ya sake tsallakowa. Ya ce in yi masa kaset, waƙar nan ita kaɗai, gaba da baya, kuma mai tafiya a hankalin nan yake so.

Na ce, “Baba, kana da rikoda ne?”

Ya ce, “Ba ni da ita. Ka dai yi mini.”

Na fasa sabon kaset mafi kyau da nake da shi, na goge hed har sau biyu. Aiki ne mai cin lokaci, don duk ƙarewar waƙa sai ka tsayar ka mayar da uwar baya, kuma ba a son a ji wurin haɗin. Ina yi yana zaune, sai ya fara magana yana kallon titi. Ya ce lokacin da zama ya ɓaci a Fanya aka turo jiragen ruwa su kwashe 'yan Najeriya, shi ma ya shiga. Yana da mata 'yar can, da 'ya mace da ta fara tafiya. Dangin matar suka ce ba za ta bi shi ba. Ya fita da sassafe, da niyyar in ƙura ta lafa ya koma. Da na gama na ɗiga jan farce na miƙa masa, ya sa a aljihun gaba. Bayan kwana biyu ya kawo mini wani ɗan ƙaramin kwando da ya saƙa, shi ne wannan da har yau nake zuba biro da auduga a ciki.

Ruwa ya zo daga baya, a makare, wasu suka samu suka dasa albasa da masara. Bakunan da suka ce waƙar ce ta riƙe ruwa su ne suka dawo suna cewa ai ita ta kira shi. Ta yi zamaninta ta wuce kamar kowace waƙa, wata ta hau. Sidi ya yi arha, sannan waya mai mimori ta zo ta tashe mu gaba ɗaya, na koma gyaran rediyo da sayar da batir a shagon nan dai. Amma kafin nan, in rana ta yi zafi shago ba kowa, Baba Fanya yakan tsallako ya zaro kaset ɗinsa ya miƙo mini. In sa masa ƙasa-ƙasa, ya ji sau ɗaya ko biyu, ya karɓi abinsa ya koma gindin darbejiya. Ranar da ya rasu, masu yi masa wanka suka same shi a aljihunsa. Mai unguwa ya ga jan ɗigo ya aiko mini da shi.

Abin da ya tayar da duk wannan labari shi ne, kwanakin baya ina gyaran wata rediyo ina ɗan rera ta a hanci, sai Shamsu ya ji. Ya kara wayarsa a bakina ya ce in sake. Kafin in haɗiye yawu ya nemo ta, ga hoton matar, ga sunanta, har da fassara. Ya ce, “Baba Ado, in karanta maka?” Na ce karanta, ai na riga ka sani.

Ya karanta. Wata yarinya ce ta sayi sabon takalmi, tana kiran ƙawayenta su fito a yi rawa kafin makaɗa su tashi. Daga farko har ƙarshe ke nan. Babu jirgi, babu miji, babu 'yar da ta fara tafiya, babu ƙofa. Na sa shi ya sake karantawa, na ce ko wata ya ɗauko. Ya kunna mini, ita ce.

Da farko raina ne ya ɓaci, kamar an zagi mamaci a gabana. Sannan tausayi ya kama ni, irin wanda ban ji ba ko ranar jana'izarsa. Ko tsohon nan ya ga shagona zai tafi ne ya shirya abin da zai cece ni, ko kuwa yaren ya riga ya gudu ya bar shi, abin da kunnensa ya ba shi ke nan, ban sani ba, kuma babu wanda zan tambaya. Ba ni da bakin cewa ya yi ƙarya. Mu da muke gari guda da hankalinmu, ai ruwa muka ji a ciki.

Shamsu ya ce, “In tura maka a wayarka, Baba Ado? Ba sai ka biya ba.” Na ce ya riƙe abinsa, ina da tawa.

Dek ɗaya yana nan yana aiki, na canza masa roba bara. Duk wanda yake so a cikinku ya zo bayan la'asar in sa masa kaset ɗin Baba Fanya, mai tafiya a hankali. In ta kai wurin zan tsayar in tambaye ku me kuka ji, kuma wanda ya ce mini “na ji waƙa” ya tashi ya ba ni bencina. Ni kam kada ku tambaye ni. Tun ranar Juma'ar nan ban sake jin ruwa a wurin ba, matar nan nake ji tana cewa ba ta kulle ƙofa ba.